Makonka na Farko a Kano

Da farko, kada ka ba dillali kuɗin haya sai ka ga ɗakin da idonka. Tambayi maƙwabta ko akwai rijiya, ko kuwa sai 'yan garuwa. Duba gindin katanga kuma. In shatin ruwa ya kai gwiwa, damina za ta wahalar da kai, gara ka nemi wani gidan.

Da ka sauke kaya, a raka ka wurin mai unguwa ku gaisa. Jam'in asuba a masallacin layinku ma yana sa a san fuskarka.

Sai zirga-zirga: an hana acaɓa tun 2013, a daidaita sahu, wato babur mai ƙafa uku, za ka hau, amma ku gama ciniki kafin ka shiga. Hatsi sai Dawanau, atamfa kuwa Kantin Kwari.