Yadda za ka zaɓi kalmar Turanci in za ka ce "ya rama" ko "ya mayar da martani"

A Hausa kalmar "rama" tana ɗaukar kaya da yawa. Wanda aka mara ya mayar ya rama, wanda aka yaɓa wa baƙar magana ya mayar ya rama, har mai saka alheri ma ramawa yake yi. Bature kuwa ya rarraba abin gida-gida, kuma in ka ɗauko kalmar wannan gida ka kai wancan, sai a fahimci abin da ba ka nufa ba.

Da farko ka tambayi kanka: da aiki aka rama ko da baki?

In da aiki ne, fara da "retaliate". Tushenta Latin ne, "talio", wato a yi wa mutum kwatankwacin abin da ya yi, kamar dai ƙisasi. Masu kallon ƙwallo sun san ta. A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa, Diego Simeone na Ajantina ya banke David Beckham ta baya, shi kuma yana kwance a ƙasa ya ɗaga ƙafa ya shure shi. Simeone ya sha katin gargaɗi, Beckham ya sha jan kati. Wannan shi ne "he retaliated": a take, kuma a kan abin da aka yi masa. Ƙasashe ma suna yi. A 2018 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 kan ƙarfen da ake shigar mata, Tarayyar Turai ta mayar da nata harajin kan kayan Amurka, har da baburan Harley-Davidson. Jaridu suka kira shi "retaliatory tariffs". In za ka sa "retaliate" a jimla, wanda ka rama a kansa, "against" ke zuwa kafin sunansa. Laifin da ya yi kuwa "for". Kar ka ƙara mata "back", komawar tana cikinta.

Sai ka duba ko abin ya kwana a zuciya. In ya kwana, ɗaukar fansa ke nan, kuma a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Za ka ji saurayi ya ce "I will revenge", alhali abin da aka saba shi ne "I will take revenge on him", domin galibi "revenge" suna ce. Aikatau ita ce "avenge", kuma ta fi dacewa da wanda ya ɗaukar wa wani fansa: "he avenged his brother". Ita kuwa "reprisal" ka bar wa labaran yaƙi da rikici. Ita ce jaridun Najeriya ke sawa inda rediyo zai ce harin ramuwar gayya. Ba a ɗauko ta don an ci maka bashin dubu biyu.

Tsakanin abokai duk waɗannan sun yi nauyi. Ka ce "I'll get back at you" ko "I'll get even", wato bari dai, zan rama. In abin ya zama ka yi min in yi maka, ba mai niyyar haƙura, "tit for tat" ke nan.

To, in da baki ne fa? A nan tambayar ita ce wa ke gaba da wa.

"Talk back", wadda Amurkawa suka fi faɗa, da "answer back" ta mutanen Ingila, tsiwa suke nufi: ɗa ga uwarsa, ɗalibi ga malaminsa. Uwa ce ke cewa "don't answer back", kamar yadda tamu ke cewa "ina faɗa kana faɗa?" Saboda haka in ka rubuta cewa gwamna ya yi "talk back" ga 'yan adawa, ka mayar da shi yaro mara kunya ba ka sani ba. Abin da kake nema shi ne "hit back at" ko "fire back", waɗanda editoci ke so a kanun labari saboda gajeru ne. "Retort" amsa ce mai kaifi da ta fito nan take, an fi ganinta a rubutun labari. "Clap back" ta 'yan soshiyal midiya ce, ta zauna a X da Instagram, kar ta biyo ka cikin amsar jarrabawar WAEC.

In raddi ne na hujja, akwai tagwaye masu ruɗarwa. "Rebut" ita ce ka kawo hujjojinka a kan zargi. "Refute" kuwa, a wurin masu tsantseni, sai ka tabbatar zargin ƙarya ne. Raddin da aka rubuta wa jarida a kan wata maƙala shi ake kira "rejoinder".

Kafin ka aika, buɗe ƙamus ɗin Cambridge ko na Oxford na masu koyo, kyauta suke a intanet, ka duba ɗan tambarin da ke gefen kalmar: "formal", "informal" ko "disapproving". In kuwa wasiƙar ofis ce, kamar an ba ka takardar tuhuma kana son kare kanka, ajiye su duka ka ɗauki "respond". Ka fara da "I write in response to your letter", ka sa kwanan watan takardarsu, sannan ka jero bayaninka.