Yadda za ka jawo ƙudan zuman daji su zauna a gonarka ko lambun gida

In kana da kabewa ko kankana a gona, ko ma 'yar tumatir ce a bokiti bayan ɗaki, gobe da sassafe kafin rana ta yi zafi ka je ka tsuguna gaban furen, ka yi kamar minti 10 ba ka taɓa komai ba. Za ka ga masu zuwa. Wani baƙi ƙato mai ƙara kamar ƙaramin inji, wani ɗan mitsitsi da za ka rantse ƙuda ne, wani kuma cikinsa ta ƙasa duk ya yi rawaya da ƙurar fure. Yawancinsu ba su taɓa shiga amya ba, ba sa tara zumar da mutum zai ɗiba, amma su ne ke ɗauke maka kaso mai yawa na aikin barbarar furanni, wato kai ƙura daga fure zuwa fure don ya yi 'ya'ya, kuma su ne muke kashewa kullum ba tare da mun ma san da zamansu ba.

Ƙudan zuma a duniya sun haura iri 20,000, wanda muke kiwo a amya ɗaya ne kawai a cikinsu. Mafi yawa zaman kaɗaici suke, babu sarauniya babu runduna, mace ɗaya ce take haƙa raminta, ta gina 'yan ɗakuna a ciki, ta dunƙula ƙurar fure da ruwan fure ta ajiye, ta saka ƙwai ɗaya a kai ta toshe, ta koma ɗaki na gaba. 'Yan makonni take yi tana yawo ta mutu, 'ya'yan kuma su kwashe watanni a cikin ramin kafin su fito. Tunda ba ta da taskar zumar da za ta kare, da wuya ta harbe ka sai ka matse ta a hannu, mazan ma ba su da ƙari sam. To maganar tsoro dai a ajiye ta.

Me ya sa za ka damu? Rahoton da hukumar IPBES, ta ƙasa da ƙasa mai nazarin halittu da muhallinsu, ta fitar a 2016 ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na manyan nau'o'in amfanin gona suna ƙaruwa da barbarar da ƙwari da sauran dabbobi ke yi. Masara da shinkafa da alkama ba ruwansu, iska ko su kansu sun wadatar, amma kabewa furen namiji daban na mace daban, in ba a ɗauko ƙura daga wancan an kai wannan ba sai ka ga ɗan ƙullin da ke gindin furen macen ya yi rawaya ya faɗi, ka zaci ciwo ne ka ɗauko injin feshi, alhali mai kawo ƙurar ne bai zo ba. Kankana ma da take fitowa a karkace gefe ɗaya ya cika ɗaya ya tsumbure, sau da yawa ziyarar ce ba ta isa ba. Tumatir da yalo kuma ƙurarsu a kulle take cikin wani ɗan bututu, sai an girgiza ta fito, manyan nan masu ƙara suna kama furen su kaɗa jikinsu ƙurar ta zubo, wannan kuwa ƙudan amya bai iya ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2013, da ya duba tsarin noma 41 a sassan duniya, ya gano ziyarar ƙwarin daji tana ƙara ɗaurin 'ya'ya kamar ninki biyu na abin da irin wannan ziyara ta ƙudan amya ke ƙarawa.

Fara da ƙasa, don nan ne akasarinsu suke kwana, kusan kashi 70 cikin 100 na masu zaman kaɗaicin a ƙasa suke rami. Ka zagaya gefen gona ko gindin katanga inda rana ke bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya, ka duba ko za ka ga 'yan ramuka faɗin fensir ko ƙasa da haka, da ɗan tulin ƙasa a baki kamar na tururuwa, sai dai babu layin tururuwa, in ka jira kaɗan za ka ga guda ɗaya ta dawo da ƙafafu cike da rawaya ta yi shawagi sau biyu ta faɗa ciki. In ka samu irin wannan wuri to ka yi sa'a, ka kafa sanda ka yi masa alama, kada garma ta bi ta kai, kada a zuba taki ko shara a rufe, kada a malala masa ruwa. Huɗa mai zurfi tana farfasa ɗakunan ne da 'ya'yan a ciki, na baɗi gaba ɗaya sun tafi ke nan. In ba ka samu ba ka ware musu da kanka, ko da faɗin tabarma ɗaya ne, fili a sarari mai ɗan gangare, ka cire ciyawa mai kauri ka bar ƙasar a buɗe. Masu gida a birni, don Allah in za a shimfiɗa siminti ko intalok a tsakar gida a bar ɗan gefe, wallahi abin yana min ciwo in ga gida ƙato babu ko taku ɗaya na ƙasa a fili.

Sauran kuma a busasshen kara da tsohon itace suke shiga. Shi ya sa ƙona gona ƙurmus bayan girbi yake musu mummunar ɓarna. Ka tara wani kason karan a gefe inda ba zai jiƙe ba, gungumen da ya mutu in ba ya tare hanya ka bar shi.

Akwai kuma gidan da ake haɗa musu, wanda ya yi tashe a intanet. Ka samu katako busasshe wanda ba a shafa masa fenti ko maganin gara ba, ka huda ramuka faɗi daban-daban daga milimita 3 zuwa 10, zurfi santimita 10 zuwa 15, kada ramin ya ɓulle ta baya, ka goge bakin ya yi sumul saboda tsinken katako yana yaga musu fiffike. Gora ma ta yi, ka yanka ta bayan gaɓa yadda gefe ɗaya zai zama a toshe. A ɗaure shi tamau kamar mita 1 daga ƙasa, ya fuskanci gabas ya samu ranar safe, da 'yar rumfa a sama saboda ruwa, in wajenku rana na da zafi sosai a sa inda inuwa za ta rufe shi bayan azahar. Ƙanana biyu ko uku a warwatse sun fi ƙato guda ɗaya, don tarin ramuka wuri ɗaya yana jawo cuta da ƙwarin da ke cinye 'ya'yan, kuma duk shekara 2 a sauya sabo. Gaskiya dai a wurina wannan shi ne mafi ƙanƙantar taimako, mutane sun fi son sa ne saboda yana kyau a hoto, gida babu abinci kusa ba mai zama.

Abincin kuwa fure ne, kuma matsalar ba yawansa ba ce, yankewarsa ce. Gona takan yi fure mako uku ta cika maƙil sannan shiru har wata shekara, ƙananan kuma ba sa iya tafiya nesa, 'yan ɗaruruwan mita ne iyakarsu, ba kamar na amya da ke yin kilomitoci ba. Saboda haka a kan iyakar gona ka bar zirin ciyayin daji masu fure da shingen itatuwan da suka saba da yankinku, yadda wani na ƙarewa wani na buɗewa. A lambu ka bar 'yan gindin albasa da karas da na'a-na'a su tsufa su yi fure, ka saka wake da riɗi a gefe, kuma iri ɗaya a tare wuri guda ya fi a jefa ɗaya nan ɗaya can. Furannin ado masu ninki-ninki ɗin nan da yawansu babu komai a ciki da ƙudan zai iya kaiwa gare shi. Ruwa kuma kasko marar zurfi da tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka, a riƙa sauyawa duk kwana biyu saboda sauro.

Sai feshi, wanda shi ne babba. Ban ce kada ka kare amfaninka ba, amma ka fara dubawa ka tabbatar ƙwarin sun kai a yi musu feshi, ba wai don mako ya zagayo ba. Kada ka fesa a kan fure buɗaɗɗe. In ya zama dole to da yamma liƙis bayan sun koma, lokacin da babu iska, ba da hantsi ba lokacin da gonar ke cike da su, in kuma akwai ciyawa mai fure a ƙasan shukar a sare ta tukuna. Ka karanta jikin kwalbar, in ka ga imidacloprid ko thiamethoxam ko clothianidin ka sani irin waɗannan shiga suke cikin jikin shuka har su fito a ruwan fure da ƙurarsa, yin feshin da dare ba ya hana wannan, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da su ukun a fili tun 2018. Ruwan da ka wanke injin feshi kada ka zubar inda zai taru, nan suke sha, wasu ma nan suke ɗibar laka ta toshe rami. Maganin ciyawa kuma ya tsaya cikin kunyoyin gona, kada ya kai zirin da ka bari a iyaka.

Wani zai ce ai sai in ƙara amya. Kiwon zuma abu ne mai kyau amma ba shi ke ceton na daji ba, in amya ta yi yawa fure ya yi kaɗan ma cinye musu abinci suke.

Don ka gane ko abin na aiki, zaɓi wuri ɗaya mai fure, duk mako a lokaci ɗaya ka tsaya minti 10 ka ƙirga masu sauka da kalarsu ka rubuta a waya. In ka ga an yanke gefen ganye zagaye tsaf kamar da almakashi, kada ka fesa komai, wata ce ta ɗiba za ta liƙe ɗakin 'ya'yanta, shukar ba abin da zai same ta. In kuma ramin katakon ya toshe da laka ko koren ganye, akwai ƙwai a ciki, kada yara su tsokale shi da tsinke, kada ka matsar da shi, ka bar shi a wurin har ranar da za ka ga ɗan huji a tsakiyar lakar, alamar sun fita.