Ka yi amfani da kwaroron roba amma hankalinka bai kwanta ba: yadda za ka bi lamarin

Na daɗe ina zama a ɗakin ba da shawara kafin gwajin jini a nan Kano, kuma kuskure ɗaya nake gani kullum. Mutum ya sadu da daddare, gari na wayewa ya zo a gwada shi, a ce ba a ga komai ba, ya tafi yana murna. Wannan takardar sakamakon ba ta san da zancen daren jiya ba. Wa'azi na bar wa malamai, ni dai ga yadda za ka yi, namiji ne kai ko mace.

Da farko zauna ka tuna yadda abin ya kasance. An sa robar tun kafin a fara, ko sai da aka yi nisa? Ta fashe ko ta zame? An shafa mata basilin ko man shafawa? Mai yana cinye roba, haka ma zafi, don haka wadda ta kwana biyu a aljihu ko a cikin mota a zafin Afrilu ban yarda da ita ba. Idan duk babu wannan, haɗarin HIV da gonoriya da kilamidiya (cututtuka biyu masu kawo mugunya da zafin fitsari) da ciwon hanta nau'in B ya ragu ƙwarai, tunda ta ruwan jiki suke bi.

In kuwa ta fashe, kuma ba ka san ko wanda kuka sadu yana ɗauke da HIV ba, ajiye wayar nan ka nufi asibiti. Akwai maganin kariya daga HIV da ake kira PEP, ana fara shi kafin awa 72 ta cika, a sha kullum har kwana 28. Je Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ko Asibitin Zana, ka faɗa kai tsaye: "Roba ce ta fashe, PEP nake nema." Za su fara gwada ka. Ranar Lahadi ce ma ka bi ta sashen gaggawa, kada ka jira Litinin.

Sai ka sa ido a jikinka, domin roba iyakar inda ta rufe take karewa. Tunjere da hapis da ƙwayar HPV (mai iya jawo kansar bakin mahaifa) ta goguwar fata suke kamawa, ta matsematsi ko gindin al'aura ko baki. Hapis kan fito da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi cikin kwana 2 zuwa 12. Tunjere ya fi yaudara: gyambo ɗaya ne marar zafi, yakan ɓullo wajen mako 3, ya warke da kansa, cutar kuwa tana nan cikin jini. Mata da dama suna ɗauke da gonoriya ko kilamidiya ba tare da wata alama ba.

Yanzu wajen da aka fi ɓata aiki. Kada ka tsaya a kemis ka ce a haɗa maka "na wanke jiki". Na ga wanda ya sha Ampiclox na kwana biyu, zafin fitsari ya lafa, ya ɗauka ya warke, bayan wata guda aka kawo matarsa da ciwon mara. Guntun magani yana kwantar da alama, yana ɓata sakamakon gwaji, yana kuma koya wa ƙwayar cutar taurin kai. Gonoriya ta riga ta daina jin magunguna da yawa. Hapis da HIV kuwa ko kusa waɗannan magunguna ba sa taɓa su. Masu yawo da lasifika a bakin kasuwa suna tallar maganin sanyi ma haka, don komai a wurinsu "sanyi" ne, alhali cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta. Kuɗin da za ka zubar a can gara ka kai ɗakin gwaji.

Gwajin ma da lokacinsa. Gonoriya da kilamidiya, bayan mako 2, da fitsari ko audugar da ake ɗebo ruwan al'aura da ita. Tunjere, wajen mako 6, a maimaita a wata 3. HIV, gwajin tsinken yatsa da aka fi yi na iya kasa gani har zuwa kwana 90. Na jinin jijiya mai gano ƙwayar da garkuwar a tare yakan gani tsakanin kwana 18 da 45. Ni dokata ita ce ka yi a mako 6, ka rufe da na wata 3. Rubuta ranar a wayarka yau, domin mutane kan manta da zarar tsoro ya tafi. Amma da ka ga ƙurji ko mugunya ko zafin fitsari, ka je a ranar, tun gyambon yana nan likita ya gani da idonsa.

In an samu wani abu, a yi wa ku biyun magani lokaci ɗaya, ku ƙaurace wa juna kwana 7 bayan an gama. Mai mata fiye da ɗaya, duka za a duba. Ka tambayi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, sau 3 ake yi. Mai shirin aure kuma ya sani, tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta kafin a ɗaura, gara ya san matsayinsa kafin a sa rana.