Darasi na Tara: Sunan Yanka da Asalinsa

Sunan yanka shi ne wanda liman ke raɗa wa jariri ranar suna. A mazhabar Malikiyya da muke bi a Sakkwato, rago ɗaya ake yankawa da hantsi, ko namiji aka haifa ko mace. Idan haihuwar ta zo bayan ketowar alfijir, ba a lissafa wannan rana cikin bakwai ɗin. Shi ya sa wanda aka haifa Litinin da rana sai wata Litinin ake sunansa.

Kafin ranar, uba ya san inda sunan ya fito. Annabawa 25 ne Alƙur'ani ya ambata da sunansu, irin su Adamu, Nuhu, Ibrahim, Yusuf, Musa, Dauda, Yahaya da Isa. Sunan Muhammadu ya zo sau 4, Ahmad kuwa sau ɗaya, a Suratus Saffi, aya ta 6. Cikin mata, Maryam kaɗai aka kira da sunanta, kuma sura ta 19 tana ɗauke da shi. Cikin sahabbai ma mutum ɗaya ne, Zaidu, a Suratul Ahzabi, aya ta 37. Mutane da yawa suna zaton Hauwa'u, Khadija, A'isha da Fatima suna cikin Alƙur'ani. Ba su ciki. Daga hadisi da tarihin Manzon Allah (SAW) muka same su, kuma hakan bai rage musu daraja ba ko kaɗan.

Inda aka fi yin kuskure shi ne sunayen da suka fara da Abdu, wato bawa. Hadisi ya tabbata cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Ƙa'idar ita ce a jingina Abdu ga ɗaya daga cikin sunayen Allah: Abdulƙadir, Abdulmalik, Abdussalam. Ba a jingina shi ga wani mahaluki, don haka malamai suka hana Abdurrasul da makamantansa. Ba a kuma yanke kan sunan a kira yaro Rahman, domin wannan na Allah ne shi kaɗai. Wanda ya tsaya a Abdul kawai, ya bar sunan rabi, bai faɗi bawan wa ba.

Wani kuskuren shi ne a buɗe Mus'hafi a tsinci kalma don ta yi daɗin faɗa. Cikin Littafin akwai sunan Fir'auna da Ƙaruna da Hamana, akwai kalmomin azaba. A kai kalmar wurin malami ya faɗi ma'anarta tukuna. Idan an riga an sa mummunan suna, ana canzawa, ba sai an sake yanka ba. Annabi (SAW) ya canza wa wata mai suna Asiya, mai ma'anar mai saɓo, ya kira ta Jamila. Wannan daban take da Asiya matar Fir'auna; a rubutun Larabci haruffansu ba ɗaya ba ne, boko ne ya haɗe su.

Sai laƙabi. Garba da Buba duk Abubakar ne, Sanda Umaru ne, Kulu Hauwa'u ce, Indo kuwa A'isha. A nan ƙasar ana ce wa Usman Shehu saboda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sani, Salisu, Rabi'u da Hamisu lissafi ne na Larabci: na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, galibi a gidan da aka maimaita Muhammadu.

A takarda, a zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kai. Wanda katin ɗan ƙasa ya ce Mohammed, takardar haihuwa ta ce Muhammadu, banki kuma ya rubuta Mamman, zai sha zirga-zirga ranar neman fasfon aikin Hajji, har sai ya je kotu ya yi rantsuwa. A rubuta wa ma'aikacin rajista sunan a 'yar takarda, a karanta abin da ya buga harafi-harafi kafin a tashi.

Aikin aji: kowa ya rubuta sunan yankansa da na 'ya'yansa, ya nuna wanne ya fito daga Alƙur'ani, wanne daga hadisi ko tarihi, wanne ne laƙabi.