Kurakuran da Masu Ɗaukar Hoton Ƙwari Suka Fi Yi a Sakkwato

Tun da ƙananan madubban kamara (lens) da ake maƙala wa waya suka yi araha, matasa da yawa a Sakkwato suka shiga ɗaukar hoton ƙwari kurkusa. Ina murna da hakan. Sai dai hotunan da ake turo mini in duba kusan duk ciwonsu ɗaya, kuma na gaji da maimaita magana ga mutum ɗaiɗai.

Babban ciwon shi ne lokacin fita. Mutum ya yi barcinsa, sai hantsi ya dubi ludayi ya saɓa kamara ya nufi fadamar Kwalkwalawa, ya dawo yana cewa ƙwarin sun ƙi tsayawa. Ina za su tsaya? Ƙwaro daga rana yake samun ɗumin jiki. A garin da zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, kafin ƙarfe tara mazari ya riga ya ware, malam-buɗe-littafi kuwa ko kusa ba za ka yi da shi ba. Ni da an sallame sallar asuba nake kama hanya. A lokacin za ka tarar da mazari maƙale a kan ciyawa, raɓa a fukafukinsa, bai iya tashi ba tukuna, har ka sa madubi dab da idonsa yana nan. Daga Agusta zuwa Oktoba ƙwari suka fi yawa, safiyar hunturu kuma ta fi kashe musu jiki. Wanda ba zai iya sammako ba ya jira bayan la'asar, amma ba ta kai safiya ba.

Akwai kuma wanda ke ɓata mini rai ƙwarai. Yaro ya kasa haƙuri, sai ya kama ƙwaron ya jefa a firji, ko ya fesa masa maganin sauro, ya ɗora gawar a kan fure ya ɗauka, ya sa a Facebook ana ta yaba masa. Haba! Kana tsammani ba a ganewa? Mataccen ƙwaro ƙafafunsa naɗewa suke yi ciki, gashin kansa ya langaɓe, idon mazari kuwa da ya mutu launinsa ke dushewa. Ko da ba a gane ba, halittar Allah ce ka kashe don hoto ɗaya, kuma ba ka koyi komai ba. Da ka tsaya ka lura, da ka ga mazari yana da sandar da yake komawa: ya tashi ya kamo sauro, ya dawo kan wannan tsinken. Saita kamararka a kan tsinken, ka zauna, zai zo da kansa. Mai koyo kuma ya fara da farar nan da ke zama a kan tumfafiya, mai zanen rawaya a jiki. Ba ta da garaje, ga tumfafiya ko'ina a bayan gari.

Ƙura ita ce ta ci mini kuɗi, shi ya sa nake ɗaga murya a kanta. Na cire madubi a fili cikin hunturu don in sa wani, iska na kaɗawa. Daga ranar kowane hoto sai ya fito da baƙaƙen ɗigo, domin ƙura ta kwanta a kan sansa, farantin da ke karɓar hoto a cikin kamara. A hoton biki ba lallai ka gan su ba, amma aikin ƙwari ana ƙuntata ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, kuma a nan kowace ƙwayar ƙura ke bayyana. Na kai wa wani mai gyara, ya goge da ƙyalle, ya bar mini kwarzane da bai fita ba har na rabu da kamarar. Yanzu tun daga ɗaki nake ɗaura madubin da zan yi aiki da shi, ba na cire shi sai na dawo. In ta kama dole, cikin jaka nake canzawa, bakin kamara na kallon ƙasa. Kar ka hura da baki, yawu za ka ƙara mata.

Sai saiti. In ka matsa sosai, abin da ke fitowa tar bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, saura duk dishi-dishi. Masu koyo suna barin kamara ta zaɓa da kanta, sai ta kama fiffike ta bar ido. Ni kashe saitin kai-tsaye nake yi, in kafa gwiwar hannu a cinya, in riƙa matsawa gaba kaɗan baya kaɗan, da ido ya fito in danna. Saurin ɗauka kar ya gaza 1/200 na daƙiƙa. Ka kuma yi ƙoƙari ka ɗauki ƙwaron ta gefe, jikinsa duka ya daidaita da madubi.

Filas tsirara yana ƙona bayan buzuzu da farin tabo. Rufe shi da farar takarda ko farin murfin roba. Kar inuwarka ta faɗa kan ƙwaro, tashi zai yi. In iska na kaɗa ganye, riƙe reshen da hannun hagu ka ɗora bakin madubi a kan hannun. Ka durƙusa ka yi daidai da idonsa, hoton da aka ɗauka daga sama bayan ƙwaro kawai yake nunawa. Gidan rina kuma ka ba shi tazara, ka sa takalmi rufaffe a fadama saboda maciji.

Gonakin bakin kogin Rima duk da masu su. Wasu sai su faɗa cikin albasar mutum suna tattake kunya don sun hango ƙoƙi-ƙoƙi. Ka yi sallama tukuna, ka ce, "Baba, sannu da aiki, hoton ƙwari nake so in ɗauka, ko ka ba ni izini?" Ka tambaye shi ko ya yi feshi kwanan nan, domin gonar da aka fesa ba za ka samu komai a cikinta ba, kuma sau da yawa shi zai nuna maka gefen da fara ke kwana.