Kofin Virginia Woolf: kurakuran da masu saye da masu bugawa suka fi yi

Kofin tangaran mai hoton marubuciyar Ingila Virginia Woolf ko wata magana tata yana cikin kyautar da ake yawan saya wa masu son karatu a Ingila da Amurka, sai dai da yawa daga ciki akwai kwaɓa, kuma in wacce za ku ba ɗalibar adabin Turanci ce to kallo ɗaya za ta yi ta gane.

Babbar matsalar ita ce maganar da ba ita ta faɗa ba. Akwai wadda ta cika intanet, wai ta ce a mafi yawan tarihi duk rubutun da ba suna a kai mace ce ta yi shi. Ba haka ta rubuta ba. A cikin littafinta A Room of One's Own na 1929 cewa ta yi tana hasashen mai rubuta waƙoƙin nan da yawa ba tare da sa suna ba sau da yawa mace ce, kun ga hasashe ne, kuma waƙoƙi take magana a kai, mutane ne suka gyara mata baki don ya yi daɗin bugawa. Akwai kuma wai ba a samun kwanciyar hankali ta hanyar guje wa rayuwa, wannan daga fim ɗin The Hours na 2002 take, wanda Nicole Kidman ta fito a matsayinta. Gyaran ba wuya, littattafanta suna nan kyauta a intanet, ku buɗe ku nemi jimlar da kanku, in ba ku gan ta ba ku haƙura da ita, kuma ku sa sunan littafin da shekara a ƙasa.

Wanda ya fi damuna kuwa shi ne wasiƙarta ta ƙarshe. Akwai layi a ciki da take ce wa mijinta Leonard ba ta jin akwai mutum biyu da suka fi su jin daɗin zama tare, sai mutum ya gani ya ce kai wannan ya dace da amarya da ango, ya buga ya kai gudummawar biki, alhali ta rubuta ne kafin ta shiga kogin Ouse a Sussex ta kashe kanta ranar 28 ga Maris 1941 bayan ta daɗe tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Don Allah kar a sa wannan a kofi, ko na biki ko ba na biki ba. In ana son abun da ya dace da kofin shayi ai ga maganarta a littafin nan na 1929 cewa mutum ba zai yi tunani mai kyau ko soyayya ko barci mai kyau ba in bai ci abinci mai kyau ba.

Wasu kuma su yanke magana rabi, su buga cewa mace na buƙatar ɗakin kanta su bar kuɗin, ita kuwa a A Room of One's Own kuɗi da ɗaki ta ce mace na buƙata in za ta yi rubutu, har ta faɗi fam 500 a shekara, kuma littafin ya samo asali ne daga laccocin da ta yi wa ɗalibai mata a kwalejojin Newnham da Girton na jami'ar Cambridge a 1928. A ganina in aka cire kuɗin an kashe rabin hujjar.

Sunanta o biyu ne, Woolf. Who's Afraid of Virginia Woolf kuma wasan kwaikwayon Edward Albee ne na 1962, ba nata ba ne.

Hoton da kowa ke sawa, wanda ta juya gefe gashi a ɗaure ta baya, George Charles Beresford ne ya ɗauka a 1902 tana 'yar shekara 20, lokacin Virginia Stephen take, ba ta yi aure ba sai 1912, littafinta na farko ma sai 1915 ya fito. Ba laifi a sa shi amma kar a rubuta 1925, shekarar littafinta Mrs Dalloway, a ƙasa kamar lokacin aka ɗauka. A kuma duba da kyau, wasu hoton Kidman na fim suke saukowa da shi.

Ga masu bugawa da kansu, ƙaramin hoto da aka kwafo a waya fashewa yake yi in ya hau kofi, a nemi babba. Bugun injin zafi sai da kofi mai shafi na musamman, kuma ana juya rubutun a takarda kafin a manna in ba haka ba ya fito a baibai. Doguwar jimla irin tata kan zagaye kofi har ta shige ƙarƙashin hannu, gara gajera. Rubutunta ya fita daga haƙƙin mallaka a Birtaniya tun 2012 amma tambarin kamfanin buga littattafai na Penguin bai fita ba, kar a kwafa a sayar. Kofi mai bakin zinare ba ya shiga maikurowef, kuma soson ƙarfe kankare rubutu yake yi, a gaya wa wanda aka ba ya wanke da soso mai laushi.