Yadda ake rainon bishiyar yazawa a gida

Duk baƙon da ya shigo gidana a watan Disamba, kafin mu gama gaisawa sai ya ɗaga kai ya tambayi ƙanshin me ke tashi. Bishiyar yazawa ce da ke kusurwar yamma ta filin gidan, a nan bayan garin Zariya. Lokacin da hunturu ya ƙone ciyawa, ƙura ta lulluɓe komai, lokacin ne take fitar da sabon ganye jaja-jaja mai laushi, ta biyo shi da huda a kan kowane reshe. Furen ƙanana ne, a cure suke fitowa, da farko fari-fari da ɗan kore, bayan kwana biyu su rine su koma ruwan hoda. Da hantsi ƙudan zuma sun cika ta. Mutane sun san yazawa don 'ya'yanta da ƙwallonta, amma ni saboda wannan hudar ta tsakiyar rani na shuka ta, ƙwallon ya zo daga baya.

Baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta arewa maso gabashin Burazil, Turawan Fotugal ne suka kai ta Indiya da gaɓar Afirka a ƙarni na 16, kuma sunan kanju da wasu ke kiranta da shi bai yi nisa da caju na harshensu ba. Yau a Najeriya an fi noma ta a Kogi, Kwara, Oyo, Binuwai da Nasarawa, inda ruwa ya fi namu yawa. Duk da haka tana yi a Kaduna sosai. In kana can arewa inda damina ke gajarta, za ta rayu, sai dai ban ruwan rani ya zama dole a shekarunta na farko.

Kafin ka nemi iri, nemi wuri, don a nan aka fi yin kuskure. Ɗan tsiron da ka gani kamar tafin hannu, nan da shekara 10 zai iya baza rassa faɗin mita 10 ko fiye. A gona ana barin mita 9 zuwa 10 tsakanin bishiya da bishiya. A gida, ka nisanta ta da katanga da rijiya da ramin bayan gida da aƙalla mita 6. Tana son rana daga safe har yamma, tana son jigawa, ƙasa mai rairayi da ruwa ke wucewa. Ƙasar da ba ta da ƙarfi ba ta dame ta ba, amma inda ruwa ke kwanciya bayan an ɗauke sama, saiwarta ruɓewa take yi. Kada kuma ka sa ta kusa da igiyar shanya. Ruwan yazawa in ya ɗiga a farar riga, tabon ya zauna ke nan.

Irin kuwa, ka samo shi daga bishiyar da ka sani da idonka: mai yawan haihuwa, mai manyan ƙwallaye, wadda 'ya'yanta ba su cika bauri ba. Ni daga gidan wani dattijo maƙwabcinmu na roƙo, na ce, "Baba, a ba ni na wannan ta bakin zaure," shi da kansa ya tsinto mini guda goma. Ka ɗauki wanda ya faɗo da kansa a watan Maris ko Afrilu, ka shanya shi kwana 3, ka adana a inuwa. Na bana za ka shuka, wanda ya kwana shekara ba ya tsirowa da kyau. Ranar shuka ta matso, ka zuba su a bokitin ruwa. Wanda ya taso sama ka zubar, wanda ya nutse shi ne mai cikakken ciki, ka bar shi ya kwana a ruwan.

Jira damina ta zauna, wajen watan Yuni. Haƙa rami mai faɗi da zurfin rabin mita, ka cakuɗa ƙasar saman da ruɓaɓɓen takin shanu, ka mayar ka cike ramin. Ɗanyen taki gara yake kira, kuma yana ƙona tsiro. Sai ka binne ƙwallo 2 ko 3 da ɗan tazara, zurfin kamar gaɓa biyu ta yatsa, ɓangaren da ke manne da 'ya'yan yana kallon sama. Cikin mako 2 zuwa 3 za ka ga ƙasa ta tsage. Bayan wata biyu ka zaɓi mafi ƙarfi ka bari, sauran ka yanke su daga tushe da wuƙa, kada ka tumɓuke don kada ka girgiza na kusa.

Na nace a kan shuka ƙwallon a inda bishiyar za ta zauna saboda abin da ya same ni. Kafin wannan, na taɓa sayen dashe a bakin titi, dogo, kore shar, a cikin baƙar leda. Na dasa, na yi ta ban ruwa, shekara guda bai ƙara ko taƙi ɗaya ba, ƙarshe ya bushe. Da na tono shi sai na ga uwar saiwar ta nannaɗe a gindin ledar kamar gammo. Yazawa doguwar saiwa take turawa ƙasa tun tana jaririya, da ita take jure rani, kuma in ta lanƙwashe ko ta karye da wuya ta farfaɗo. In dole sai ka sayi dashe, nemi ƙarami wanda bai wuce wata 2 zuwa 3 ba, ka yanka ledar a hankali, kada ƙasar ta warwatse. Ɗan aure, wato dashen da aka haɗa reshen zaɓaɓɓiyar bishiya a kan ƙaramin tsiro, ya fi saurin haihuwa kuma yana ɗauko halin uwarsa daidai, abin da na ƙwallo ba kullum yake yi ba. Cibiyar binciken koko (wanda ake yin cakulan da shi) ta ƙasa da ke Ibadan ita ke da alhakin binciken yazawa, tana da reshe a Ochaja ta jihar Kogi.

Shekara biyun farko su ne aikin. Akuya ɗaya ta isa ta gama da wahalarka cikin minti guda, don haka ranar da ka shuka, ranar za ka kewaye da ƙaya ko tsofaffin bulo. Rani na farko ka ba tsiron ruwa bokiti guda sau biyu a mako, da yamma. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye don ta riƙe laima, amma ka bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen, ka barbaɗa toka a wurin saboda gara. In ya yi gaggawar fitar da huda a shekara ta farko ko ta biyu, tsinke ta. Na san da ciwo, ni ma sai da na daure, amma ƙarfin gara ya tafi ga saiwa da rassa.

Yazawa in an ƙyale ta, rassanta ƙasa suke bi har su kwanta. A gida kana son inuwar da za a shimfiɗa tabarma, saboda haka ka riƙa cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan har gangar jikin ta kai tsayin mutum. Babbar bishiya kuma bayan an gama tsintar 'ya'ya ake rage mata busassun rassa da waɗanda suka cushe a tsakiya. Akwai wani babban baƙin ƙwaro mai dogayen ƙahonni da ratsin ruwan lemo a baya, yana gwaguyar ɓawon reshe ya zagaye shi kamar zobe har ya bushe ya karye. Da sassafe ake kama shi da hannu, rassan da ya kayar kuma a ƙone su, don a cikinsu yake ajiye ƙwai. Lokacin huda ba na fesa komai, saboda ƙudan zuma ne ke haɗa auren furen.

A shekara ta 3 tawa ta fara haihuwa, 'yan ƙwallaye da ba su cika kwano ba. Sai wajen shekara ta 7 ta kama sosai. Ƙwallon ne ke fara girma, daga baya abin da muke sha ya kumbura a samansa ya yi ja ko rawaya, kamar wata biyu bayan huda. Bari ya faɗo da kansa, ka tsince kullum da safe, don 'ya'yan ba sa wuce kwana ɗaya ko biyu. Murɗe ƙwallon ka shanya kwana 3, har ka ji cikin yana ƙara in ka girgiza, ka zuba a buhun algarara. Leda gumi take sa shi.

Ɓawon ƙwallon yana ɗauke da wani mai da ke ƙona fata. Yaro in ya gwada fasa ɗanye da haƙori, leɓɓansa za su saluɓe, na ga haka a jikin ɗan ƙanwata, kuma tun ranar nake tara yaran gida in nuna musu kafin kakar ta fara. Gashi a fili ake yi, nesa da ɗaki da rumbu. Sami tsohon kasko ko gwangwani ka huda gindinsa, ka ɗora a wutar itace, ka riƙa juyawa da doguwar sanda kana tsaye ta inda iska ke fitowa, don hayaƙin yana cin ido da maƙogwaro. Man zai tsatso ya kama da wuta. Ci gaba da juyawa kamar minti 2, har ɓawon ya yi baƙi, sannan ka kifar a kan yashi ko toka wutar ta mutu. In ya huce, shafa toka a hannu, ka ɗora kowanne a kan dutse ka buga a hankali ta gefe, don ƙwayar ta fito ɗungurungum. Siririyar fatar da ke jikinta da yatsa take murjewa, sai a ɗan barbaɗa gishiri tun da sauran ɗumi.